Yanke shawara tare a jinyar kansar furostet

Yanke shawara tare hanya ce ta jinya wadda likita da majiyyaci ke haɗuwa su zaɓi magani. Likita yana kawo hujjojin kimiyya, majiyyaci kuma yana bayyana abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsa. Ana yawan amfani da ita a kansar furostet. Furostet wata 'yar halitta ce a jikin namiji, girmanta kamar goro, tana ƙarƙashin mafitsara. Kafafen labarai na Hausa sukan kira cutar kansar mafitsara, amma gaɓoɓin biyu daban suke.

Asali

Wani kwamitin shugaban ƙasar Amurka kan ɗa'ar aikin likita ya yi amfani da wannan tunani a rahotonsa na 1982. A 1997 Cathy Charles da Amiram Gafni da Tim Whelan na ƙasar Kanada suka fayyace sharuɗɗansa: aƙalla mutum biyu su shiga, su yi musayar bayani, su tattauna, sannan su amince da zaɓi ɗaya. A Ingila hukumar NICE ta fitar da jagora a kai a 2021.

Dalilin muhimmancinta

Idan kansar ba ta bazu ba, akwai manyan zaɓi uku: sa ido da gwaje-gwaje a kai a kai, tiyatar cire furostet, da gashi da na'ura. Binciken ProtecT na Birtaniya ya bibiyi maza 1,643. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15, kusan kashi 3 cikin 100 ne cutar ta kashe, kuma babu wani babban bambanci tsakanin rukunonin uku, sai dai bazuwar cutar ta fi yawa a rukunin sa ido. Illolin kuwa sun bambanta. Tiyata ta fi jawo yoyon fitsari da raunin mazakuta, gashi kuma yakan taɓa hanji. Saboda haka zaɓin ya danganta da abin da mutum zai iya jurewa.

Bambanci tsakanin wuraren jinya

A ƙananan asibitoci tattaunawar takan fara ne tun daga gwajin jini na PSA. A 2018 kwamitin rigakafi na Amurka ya ce maza masu shekara 55 zuwa 69 su yanke shawarar yin gwajin bayan sun tattauna da likita, kuma bai goyi bayan yi wa masu shekara 70 zuwa sama ba.

A wurin ƙwararru, bincike a Amurka ya nuna cewa likitocin tiyata sun fi ba da shawarar tiyata, likitocin gashi kuma gashi. Wannan ya sa wasu manyan asibitoci ke haɗa ƙwararrun a wuri guda domin majiyyaci ya ji ta bakin kowa. Akan kuma ba shi takardu ko manhajar da ke kwatanta amfani da illar kowane magani.

A Najeriya, inda ita ce kansar da ta fi kama maza, da yawa sukan je asibiti bayan cutar ta bazu. Na'urorin gashi kaɗan ne, kuma galibi iyali ne ke biyan kuɗin magani. Zaɓin yakan koma tsakanin allurar da ke rage sinadarin testosteron, wadda ake maimaitawa, da tiyatar cire maraina sau ɗaya. Mata da 'ya'ya sukan shiga cikin shawarar.

Ƙalubale

Daga cikin matsalolin akwai ƙarancin lokacin ganin likita, kunyar maganar da ta shafi al'aura, rashin bayanai a harshen majiyyaci, da al'adar barin komai a hannun likita. Majiyyacin da ya zaɓi likita ya yanke masa hukunci yana da wannan 'yanci, matuƙar an yi masa cikakken bayani.