Hanyar Gwanja: Yadda Fataucin Goro Ya Kafa Garuruwa

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Itaciyarsa tana son kurmi mai yawan ruwa da inuwa, irin na ƙasar Asante da ke Ghana ta yau. Amma babu ɗaurin aure ko suna ko gaisuwar sarki da za a yi a Kano ko Katsina ba a raba goro ba. Nisan da ke tsakanin inda goro ke tsirowa da inda ake cinsa shi ya haifar da ɗaya daga cikin manyan hanyoyin fatauci na Afirka ta Yamma.

Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Sai dai fataucin bai kai ganiyarsa ba sai a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, lokacin da birane suka cika, masu sayen goro suka yawaita. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka riƙe ragamar sana'ar.

Ayari kan tashi da rani, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da wurin sauka. Jakuna na ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan fata da gabu, ana kuma kora dabbobi. Akwai bayi ma a cikin abin da ake kai wa kasuwa, kuma bai kamata tarihi ya ɓoye wannan ba. Sukan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, suna biyan kuɗin fito ga sarakunan hanya, har su isa Salaga da ke ƙasar Gwanja. Sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su shiga kurmi, don haka Salaga ta zama mahaɗa, ta bunƙasa ta zama babbar kasuwa.

Wahalar tana a dawowa, domin goro ba ya jure zafi da bushewa. Ana ɗaure shi cikin ɗanyen ganye a yi huhu. Bayan 'yan kwanaki, idan an sauka, sai a kwance huhun a baje, a bi goron ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda tsutsa ta shiga don kada ya lalata 'yan'uwansa, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Haka za a yi ta yi har tsawon watanni kafin a ga ganuwar Kano.

Irin wannan doguwar tafiya ba ta yiwuwa sai da masauki. A kowane zango akan samu wanda ya yanke shawarar zama: maigida mai saukar baƙi da ajiye musu kaya, dillali, mahauci, wanzami, da malamin da zai ja salla ya koyar da yara. Suka auri matan gari, suka haifi 'ya'ya masu jin harsuna biyu. Ta haka wuraren kwana suka zama unguwanni masu sarki da limami, Hausa kuma ta zama harshen ciniki har ga Dagwamba da Mosi da Zabarmawa.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi, Salaga ta fita daga ikon Asante, goro ya fara bin wasu kasuwanni. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa garin. Fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kintampo da Kumasi da Accra. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, malami kuma marubuci haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. Sai kuma jirgin ruwa da na ƙasa suka kashe tsohuwar hanyar. Alhasan Ɗantata, ɗan Agalawa daga Bebeji, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗauko goro ta teku daga Accra zuwa Legas, dogo kuwa ya iso Kano a 1911. Daga baya manoman ƙasar Yarbawa suka dasa goron a wurare irin su Shagamu, unguwannin Sabo na Hausawa suka haɓaka a can.

Ayari ya daina tafiya, amma mutanen da ya sauke suna nan. Dokar korar baƙi ta 1969 a Ghana ta taɓa iyalan zango da yawa, har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai ita. Wannan shi ne haɗarin rashin sanin tarihi: a ɗauki jikan wanda ya gina kasuwa a matsayin baƙon jiya. Mazauna Nima da Sabon Zango na Accra da zangon Kumasi 'yan Ghana ne na asali, kuma da yawansu 'yan'uwan mutanen Kano da Sakkwato ne na jini. Ya kamata yaran ƙasashen biyu su koyi wannan a makaranta.