Gado da tasirin maganin masu jin muryoyi

Jin muryoyin da babu mai yin su na daga cikin manyan alamun cutar taɓin hankali da likitoci ke kira sikizofireniya, wadda ke addabar mutane fiye da miliyan 20 a duniya.

A ƙasar Hausa akan danganta wannan lalura da aljanu, amma a asibiti ana magance ta da magunguna irin su haloperidol da risperidone, masu rage tasirin sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa.

Sai dai kimanin kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar ba sa samun sauƙin a zo a gani, kuma masana sun gano cewa ƙwayoyin halittar da mutum ya gada na da hannu a wannan bambanci.

Aikin hanta

Hanta ce ke narkar da magungunan nan biyu, ta hanyar wani sinadari mai suna CYP2D6, wanda ƙarfinsa ya dogara da abin da aka gada daga iyaye.

Tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa ba su da shi mai aiki, don haka magani kan taru a jininsu ya janyo rawar jiki da sanƙarewar gaɓoɓi. A Habasha kuwa, wani bincike na 1996 ya gano kusan kashi 29 cikin ɗari suna narkar da irin wannan magani da saurin da ya wuce ƙima, har ya fita kafin ya yi amfani.

Maganin clozapine

Idan magunguna biyu suka gaza, likitoci kan koma ga clozapine, wanda ya fi sauran tasiri a irin wannan hali, amma yana da haɗari. An janye shi a 1975 bayan mutuwar mutane takwas a Finland, saboda ya karya fararen ƙwayoyin jininsu masu yaƙar cuta. Da aka dawo da shi, sai aka gindaya sharaɗin gwada jini a kai a kai.

A nan ne lamarin ya shafi mutanen Afirka ta Yamma. Mafi yawansu sun gaji wani sauyi a tsarin jini da ake kira Duffy, wanda ke ba su kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Wannan sauyi kan sa a ga fararen ƙwayoyin jininsu sun yi ƙaranci a gwaji, alhali lafiyarsu ƙalau.

Da yake da jinin Turawa aka tsara ma'aunin, an shafe shekaru ana hana baƙaƙen fata da dama a Birtaniya da Amurka wannan magani, ko a dakatar da su bayan sun fara jin sauƙi. Sai a 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sassauto da ma'aunin ga masu wannan gado, zuwa ƙwayoyi 1,000 a kowace mikirolita ta jini.

Har yanzu dai babu gwajin ƙwayoyin halitta da zai faɗa wa likita tun farko maganin da zai kashe muryoyin. Kuma ba gado ne kaɗai ke aiki ba, domin hayaƙin taba ma na rage yawan clozapine a jini, shi ya sa ake son mai shan sa ya sanar da likita idan zai daina taba.