Ƙurar Reggane da Alƙalamin Legas: Najeriya da Yarjejeniyoyin Haramta Makaman Nukiliya

Tsakure: Wannan maƙala ta bi sawun matsayin Najeriya kan makaman ƙare-dangi daga 1960 zuwa 2020. Hujjarta ita ce riƙon da ƙasar ta yi wa yarjejeniyoyin kwance ɗamarar nukiliya ya samo asali ne daga fargabar iskar hunturu, kuma aikin da aka yi a Zariya ne ya tabbatar da shi fiye da kowace takarda da aka rattaba wa hannu.

Duk wanda ya taɓa yin Janairu a Ebute Metta ya san yadda hazo ke sauka a kan taragun da ke fake a harabar hukumar jiragen ƙasa, ya bi ya rufe rumfunan 'yan goro a Agege, leɓuna su tsage. Daga Sahara wannan ƙura take tasowa. Saboda haka da Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, mutanen Kano da na Legas ba su ɗauke shi labarin nesa ba. Ƙarfin bam ɗin, wanda aka raɗa wa suna Gerboise Bleue, ya kai kilotan 70, wato ya ninka na Hiroshima fiye da sau huɗu. Wata taswirar sojan Faransa da jaridar Le Parisien ta buga a 2014 ta nuna cewa cikin kwana 13 burbushinsa ya watsu a Afirka ta Yamma, ya kuma haura har kudancin Sifaniya.

Lokacin gwaji na farko da na biyu Najeriya tana hannun Ingila, sai dai ƙorafi. Na uku ya zo ranar 27 ga Disamba 1960, wata uku bai cika ba da samun mulkin kai. Ranar 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta ba jakadan Faransa, Raymond Offroy, sa'o'i 48 ya bar Legas, ta kuma hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a ƙasar.

Matakin ya zo da tsada, kuma maƙwabta ne suka fara ɗanɗanawa. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram takan bi ta Kano, ta hau jirgin ƙasa, ta ratsa mahaɗar Ebute Metta zuwa tashar Apapa, can ne jiragen Faransa ke lodinta. Da aka toshe wannan ƙofa, Nijar da Chadi suka koka, aka janye takunkumin bayan 'yan watanni, amma hulɗar jakadanci ta yi shekaru kafin ta dawo. A ganin mai wannan nazari, nan ne ainihin darasin da ƙasa maras bam ta koya: fushinta ita kaɗai yana cutar da na kusa kafin ya taɓa na nesa, don haka sai ta koma neman doka da za ta ɗaure kowa.

Ta kuwa nema. A 1962 Najeriya ta shiga kwamitin ƙasashe 18 kan kwance ɗamara a Janiba, cikin 'yan ba-ruwanmu takwas. A 1964 shugabannin Afirka suka ayyana a Alƙahira cewa ba sa son nukiliya a nahiyar. Da aka buɗe yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ranar 1 ga Yuli 1968, Najeriya ta sa hannu a ranar, ta tabbatar da ita a Satumba, alhali ana tsakiyar yaƙin basasa.

Ba a rasa masu ja ba. Ganin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu na ƙera nata bam ɗin, Bolaji Akinyemi, ministan harkokin waje a zamanin Babangida, ya yi kira da baƙar fata ma su mallaki bam. Tsoronsa na da tushe, domin a 1993 shugaban Afirka ta Kudu, de Klerk, ya amsa cewa sun ƙera guda shida, sun kuma wargaza su. Sai dai Najeriya ba ta bi wannan hanya ba. Wani jami'inta, Olu Adeniji, shi ya jagoranci masanan da suka tsara yarjejeniyar Pelindaba ta haramta makaman nukiliya a Afirka, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009. Najeriya tana cikin 'yan ƙasashen da suka ja ragamar yarjejeniyar haramta makaman gaba ɗaya ta 2017. Ta rattaba hannu ranar 20 ga Satumba 2017, aka miƙa takardar tabbatarwa ranar 6 ga Agusta 2020, shekara 75 cif da jefa bam a Hiroshima.

Ana iya cewa wanda ba shi da abu, sauƙi ne ya rantse ba zai taɓa shi ba. Zariya ce ke amsa wannan. A cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, da ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, ana gwajin ma'adinai da ƙasar noma da ita. Makamashinta na asali yuraniyom ne da aka tace ƙwarai, irin wanda ke shiga bam. A 2018, da taimakon Amurka da Sin da hukumar makamashin nukiliya ta duniya, aka sauya shi da maras tacewa sosai, aka kwashe tsohon daga cibiyar da ke Samaru, aka ɗora a jirgin sama a watan Disamba, aka mayar wa Sin kayanta.