Zinariyar Najeriya a Tseren Miƙa Sanda, Sidni 2000

A gasar Olamfik ta Sidni, 2000, Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong suka wakilci Najeriya a zagayen ƙarshe na tseren miƙa sanda, kowa mita 400. Nduka Awazie da Fidelis Gadzama sun yi gudu a zagayen share fage.

Udo-Obong, mai gudu na ƙarshe, ya karɓi sanda yana matsayi na huɗu. Bai yi gaggawa ba, ya tanadi ƙarfinsa sai dab da layi, sannan ya wuce Jamaika da Bahamas, ya zo na biyu a bayan Amurka a 2:58.68.

An ƙwace zinariyar Amurka bayan ɗan tserenta Antonio Pettigrew ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, aka ba Najeriya a 2012. Abin tausayi, Bada, haifaffen Kaduna, ya rasu a Disambar 2011, bai gani ba.