Tarihin Makarkatar Layi a Jiragen Ƙasa na Wasa: Ƙaramin Abu Mai Kifar da Jirgi

Ɗan'uwa, a Turai da Amurka akwai manyan mutane da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a cikin gida, jirage suna gudu a kai da wutar lantarki. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da layin da ake harhaɗawa, Lionel kuma ya fara aiki a New York a 1900. Wurin da ya fi ba su ciwon kai shi ne makarkata, wato inda layi ke rabuwa biyu. In harshen ƙarfen nan bai manne da kyau ba, jirgi ya goce kenan.

Da farko da hannu ake turawa. Daga baya aka saka naɗin waya guda biyu, in ka danna maɓalli ɗaya ya zama maganaɗisu ya fizgo harshen dama, ɗayan kuma hagu. To ga matsalar: an yi naɗin ne don ya sha wuta na ƙiftawar ido kawai. In maɓalli ya maƙale, sai ya yi zafi ya narka roba ya ƙone. Maganin da aka samo shi ne kafasita: ta tara caji, ta sake shi bugu ɗaya, sauran wutar da ke biyo baya ba ta kai ta ƙona komai ba. Wasu kuma suka koma ƙaramar mota mai giya, irin Tortoise, wadda ke tura harshen a hankali ta kuma riƙe shi gam.

Ga inda tarihin ya taɓo sana'ar waya. A 1946 ɗaliban jami'ar MIT suka kafa kulob ɗin jirgin wasa mai suna Tech Model Railroad Club. Da kayan kamfanin tarho, musamman rilei, suka haɗa tsarin sarrafa layinsu. A bakinsu kalmar "hack" ta yi ƙarfi, da ma'anar dabarar gyara mai burgewa, kuma daga cikinsu aka samu wasu gwanayen kwamfuta na farko.

A 1984 Märklin ya gabatar da tsarin dijital. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar NMRA ta Amurka ta amince da tsarin DCC, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin Lenz na Jamus. Yanzu kowace makarkata tana da lambarta, umarni yana bi ta cikin layin.

Amma ka sani, dijital bai kori ƙura ba. Har yau datti a mahaɗa, sakakkiyar waya da raunin wuta su ke hana makarkata aiki. Haka yake a teburin gyara: kafin ka ɗora wa IC laifi, goge mahaɗa, sa mita ka auna wuta. Allah ya sa mu dace.