Daga rigar layu zuwa rigar intabiyu

Idan kana da wata shadda da ba ka sa ta sai ranar intabiyu, saboda da ita ka taɓa cin jarrabawa, to ka sani ba kai farau ba. Dogaro da tufa a ranar faɗuwar gaba tsohon abu ne a ƙasar Kano.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Wannan kariya ce ta zahiri, auduga da ƙarfe suna tare kibiya. Amma mayaƙa ba su tsaya nan ba. Akwai rigar yaƙi da ake lulluɓe ta da layu, ga guru a ƙugu, ga kambu a damtse. A ƙarni na 19, lokacin da Ningawa suka addabi kudancin Kano da hare-hare, har yankin Rano da Tudun Wada, talakan da ba shi da doki balle sulke, laya ce ta fi masa sauƙin samu.

A farkon 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta tarar da ƙofar Bebeji a rufe, ta fasa ta da igwa. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi. Harsashi ba ruwansa da abin da aka ɗinka a riga. Duk da haka al'adar ba ta mutu ba, fage kawai ta sauya.

Me ya raya ta? Wani masanin al'adu, Malinowski, da ya zauna a tsibiran Trobriand lokacin yaƙin duniya na farko, ya lura masunta ba sa yin tsafi idan za su kama kifi a ruwan bakin gaɓa mara haɗari, sai idan za su shiga tsakiyar teku. Wato inda sakamako ya fi ƙarfin mutum, nan yake neman abin riƙewa.

Yanzu duba yadda neman aiki ya sauya. A da, ubangida ne ke ɗaukar ka bayan ya daɗe da sanin halinka da gidanku, kuma riga bayan aiki take zuwa: a naɗa maka rawani, a yafa maka alkyabba, ko maigida ya ɗinka maka ta salla. Da aikin En'e da na gwamnati suka kafu, sannu a hankali aka koma takarda da jarrabawa da intabiyu. Sai ga ka gaban baƙin fuska, ana so ka kalle su ido cikin ido ka lissafa bajintarka. Alhali a gida an koya maka sunkuyar da kai gaban manya, an ce maka yabon kai jahilci ne. Ko Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wajen Bahaushe, ya sa kunya cikin kyawawan halaye. Ka ga ɗakin intabiyu ya zama tsakiyar tekunmu.

To, rigar sa'a tana aiki? A 2010 masu bincike a Jami'ar Kolon ta Jamus sun ba da rahoton cewa waɗanda aka ce wa ƙwallon golf ɗinsu mai sa'a ce sun fi jefa ta rami. A 2012 Adam da Galinsky a Amurka suka ce sa farar rigar likita na ƙara mai da hankali. Sai dai da wasu suka maimaita gwaje-gwajen da mutane masu yawa, na farko a 2014, na biyu a 2019, ba su ga wannan tasiri ba. Hujjar ba ta da ƙarfi.

Abin da ya fi tsayuwa a bincike shi ne maimaici. Tsoron magana gaban mutane yana raguwa idan kana shiga abin da kake tsoro kaɗan-kaɗan, har jiki ya gane babu haɗari. Da wannan hanya masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ke magance shi. Ka fara da yin tambaya ɗaya a aji ko a taron unguwa. Ka sa aboki ya zauna a matsayin shugaban kwamiti ya yi ta jefo maka tambayoyi, ka amsa da ƙarfi, sau biyar, sau goma.

Kuma ka raba abu biyu. Kunya ta ladabi daban, noƙewar da ke hana ka faɗin abin da ka iya daban. Ba sai ka zubar da ta farko ba kafin ka yaƙi ta biyu.

Shaddar nan kuwa, idan wankakkiya ce, ta sha guga, kuma kana sakewa a cikinta, sa abarka. Amma ranar da ka tarar tana wurin mai wanki, ɗauki wata ka tafi.