Kan jirgin da ke Minna ba shi ne ya fara shiga Kano ba

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutanenmu masu zuwa Nijeriya, wai tsohon kan jirgin ƙasa da aka ajiye a tashar Minna shi ne ya fara jawo tarago zuwa Kano. Wasu ma sun haɗa shi da waɗanda ke gidan tarihi na Jos, suna cewa duk abu ɗaya ne. To, tun da mu nan Jado ba mu da dogo, ƴaƴanmu kuma abin da suka ji daga bakinmu shi za su riƙe, ya kamata a warware zancen.

Abu na farko shi ne awo. Kowane jirgi da faɗin dogonsa, watau tazarar da ke tsakanin ƙarfunan nan biyu da yake bi. Dogon da ya taso daga Baro, bakin Kwara, ya isa Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, a lissafinmu na lakkwal milimita 1067. Kan jirgin Minna kuwa na ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762. Bambancin ya kai santimita 30. Ko an ɗora shi bisa dogon Kano, ƙafafunsa tsakiya za su faɗa. Da igiyar awo kaɗai an kashe wannan gardama.

To, daga ina ya fito? Sa'ad da Gwamna Lugga ya ƙudura mai da hedkwatarsa Zungeru, jiragen ruwa ba su iya kaiwa can ta kogin Kaduna. Sai aka shimfiɗa ɗan siririn dogo a 1901 tsakanin Wushishi da Zungeru, a 1902 aka ƙara shi zuwa Barijuko inda ruwa ya fi zurfi, duka wajen kilomita 35. Kamfanin Hunslet na garin Lids a Ingila ne ya ƙera masa kawunan jirgi a 1901, na Minna shi ne mai lamba ɗaya. Saboda haka darajarsa ta ma fi wadda ake ba shi: ya girmi jirgin Kano da shekara goma, shi ne na fari a duk Arewacin Nijeriya.

Da babban dogo ya ratsa Zungeru, ɗan ƙaramin ya zama ba shi da amfani. Turawa kuwa ba su zubar da ƙarfe. Aka tumɓuke shi, aka kai kayan Zariya, inda ake fara wani siririn layi saboda kuza. Kafin nan a kai ake ɗaukar kuzar Jos, ƴan alaro su yi ta tafiya da ita kwana da kwanaki har Loko a bakin Binuwai. Sabon layin ya kai Rahama a 1912, ya hau dutse ya bi ta Jos ya isa Bukuru a 1914, wajen kilomita 230. Sunansa a takarda reluwen Bauchi, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba. Sunan lardin aka ba shi, don a zamanin Jos a cikinsa take. Wannan suna ma ya ɓatar da mutane da yawa. A 1927 babban dogo ya zo Jos ta Kafanchan, kuza ta koma can, ƙaramin ya yi ta jan jiki da fasinja da ɗan kaya har aka rufe shi a 1957. Ƙananan kawunan jirgin da aka tara a gidan tarihi na Jos daga wannan layi suke.

Wanda ya je ya tsaya gaban irin wannan ƙarfe, kada lambar da aka rubuta da fenti ta ruɗe shi, gama ma'aikatar reluwe takan canza ta in jirgi ya koma wani layi. Ya nemi farantin tagulla da maƙera suka manna a gefensa, mai sunan kamfani da shekara da lambar ƙira. Wannan ba ta canzawa, da ita ake komawa littafin kamfani a ga wa aka sayar wa. Sai ya ƙirga ƙafafu. A nan akwai abin lura ga mu da muka yi karatun Faransanci: Ingilishi ƙafafu suke ƙirgawa, Faransawa kuwa sandunan da ke haɗa su biyu-biyu. Abin da Bature na Ingila ya rubuta 0-6-2, irin na Wushishi ke nan, littafin Faransa 031 zai ce. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka jirage biyu ne. Abin takaici, farantin nan shi ɓarayin tagulla suke fara ɓallewa, in ya tafi kuwa jirgi ya zama kamar raƙumin da ba shi da tambari.

Wani dattijo zai ce ina ruwan mai dabino da gishiri da ƙarfen Ingila? Ruwanmu da shi babba ne. Da jirgi ya kai Kano, fata da ƙiraga da tufafin da a da ake bi da su ta hamada zuwa Tarabulus suka juya kudu zuwa Ikko, a shekarar da Italiya ta faɗa wa Libiya. Hanyar Barno zuwa Fezzan, wadda ta ratsa Kawar, dama ta yi rauni tun yaƙin Rabe, sai wannan ya ƙara danne ta. Azalai ya tsira domin gishirin Bilma da Fashi kasuwarsa a ƙasar Hausa take, jirgi bai iya ƙwace ta ba. Kuma kada a manta dogon nan da hannun talakawa aka yi shi, aikin diga da sarakuna suka riƙa tara wa mutane ƙauye-ƙauye. A lokacin yaƙin Hitila, daga 1942 zuwa 1944, an sake kwasar mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa.

Wanda ke Minna ko Jos cikin ƴan ƙungiya, in ya samu hali ya kwafe abin da ke kan farantin harafi-harafi, ya auna tsakanin ƙafafun, ya aiko wa sakatare, sai a buga a fitowa ta gaba.